Maganar Inna da Na Sa Aka Goge

Da ana janye magana, da na janye wadda na faɗa wa 'yata a shagonmu na unguwar Mardjandafak.

Yayana ya tsufa, ya ce a rubuta asalin gidanmu kafin ƙasa ta rufe masa ido. 'Yata ta karanci kwamfuta, shi yana faɗa, ita tana bugawa. Akwai wani tsarin kwamfuta da suke aiki da shi a ofishinsu. In an tashi daga zama sai ta ajiye, tsarin ya riƙe abin da aka ƙara da wanda aka cire, da ranar. Duk abin da aka ajiye, ko an goge shi yana dawowa. Wanda ba a ajiye ba kuwa sai ya fito da ja, yana jira.

Wata rana Yaya ya yi maganar Inna, mahaifiyarmu. A kasuwa cewa muke 'yar fatake ce daga Kano. Shi kuwa ya faɗi gaskiya: 'yar ƙauyen Gaoui ce, maginiyar tukwane. Ya kawo sunayen iyayenta, da waƙar da take yi in tana kwaɓa yumɓu. Ina jariri a goye ta rasu, ban san ko ɗaya ba.

Kunyar surukaina ta kama ni, kada su ji asalinmu ba shi ne wanda muke faɗa ba. Yana fita na ce wa 'yata ta mayar da rubutun yadda yake jiya.

"Baba, ban ajiye na yau ba. In na mayar, ya tafi ke nan."

"Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

"Don Allah bari in ajiye, sai mu ɓoye shi."

"Mayar."

Ta mayar. Jan ya ɓace.

Na ce in na huce zan sa ya maimaita. Kafin damina ta ƙare ya kwanta, bakinsa ya daina magana, sannan Allah Ya karɓi abinsa. 'Yata ma ba ta riƙe ba, don sunayen da waƙar ba da Hausa suke ba.

Na je Gaoui ina tambaya. Tsofaffi suka ce, "'Yar gidan wa?" Sunayen kuwa sun bi Yaya, na juyo gida.

A wurin tsarin, ba a taɓa yin wannan zaman ba. Amma jikin fayil ɗin akwai ranar da aka taɓa shi na ƙarshe, kuma 'yata ba ta sake ƙara masa harafi ba. Ranar nan ce kaɗai ta rage min daga Inna.

Ku da manyanku ke raye, in suka faɗi abin da ya yi muku nauyi, ku bari a ajiye tukuna. Kada ku yi irin nawa.