Shamsu, wanda ya gyara min rubutu ya tura ni asibiti

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina ɗaura ɗankwali zan fita ofis aka kira ni. Wai Shamsu ya rasu.

Shamsunmu na sashen kwamfuta.

Ranar Juma'a da aka tashi aiki ya shiga tasi a Wuse zai koma gida Masaka. Ashe motar 'yan wan-cans ce, ɓarayin nan masu ɗaukar fasinja. Suka ƙwace masa waya da jakar laftof, suka turo shi waje mota na gudu. Tun ranar yana asibiti bai farfaɗo ba, yau Allah ya karɓi abinsa.

Dole in rubuta wannan.

Waɗanda suka san ni sun san aikina fassara ne. Sanarwar hukumarmu nake mayarwa Hausa in ɗora a shafinmu na intanet. Idona shi ne abincina. Mahaifiyata kuwa makancewa ta yi kafin ta rasu, a hankali, muna gani.

Bara, wata rana na kunna kwamfuta na buɗe burauza, manhajar shiga intanet, sai na ga rubutu ya canza. Haruffa sun yi siriri, sun yi dishi-dishi, gefensu kamar ɓera ya gaigaya. Na goge tabarau. Na goge sikirin. Babu canji.

Na ce shi ke nan, abin Inna ya iso kaina.

Ban faɗa wa kowa ba, har maigidana. Na riƙa manna fuska a sikirin, kaina na sarawa, kurakurai na yawa. Oga ya fara dawo min da aiki da jan biro. Wata rana na shiga banɗaki na yi kuka na wanke fuska na fito.

Shamsu ne ya lura. Ya shigo duba firinta, ya tsaya a bayana.

"Hajiya, tun yaushe rubutunki ya koma haka?"

Na juyo. "Kai ma kana ganinsa?"

"Ina gani mana. Afdet ne, sabuntawar da burauza ta yi. Mutum nawa suka kira ni a kai."

Wallahi ban san lokacin da na riƙe gefen tebur ba.

Ya ja kujera. Ya buɗe shafin a wata burauzar daban, rubutu ya fito tas. Ya ce, "Kin gani? Nan matsalar take." Ya duba zum, wato girman shafi, daidai yake. Ya share tarkacen da burauzar ta tara, bai gyaru ba. Ya kashe ƙananan manhajojin da ke manne da ita ɗaya bayan ɗaya, shiru. Har ƙ da ɗ da ɓ sun fita daban da sauran haruffa, kamar baƙi a layi. Bai gaji ba, bai yi tsaki ba. Daga ƙarshe ya shiga setin ya kashe wani abu da ya ce shi ke miƙa zanen haruffa ga katin hoto, ya rufe burauzar ya sake buɗewa.

Rubutu ya dawo baƙi wuluk.

Ina ta godiya ina dariya, shi kuwa bai tashi ba. Ya nuna layin ƙasa ya ce in karanta masa. Na karanta, amma sai da na karkata kai.

Ya ce, "Hajiya, na gyara nawa. Saura naki. Don Allah ki je a duba idon hagun nan."

Na ji haushi. Na ce ai shi ba likita ba ne. Ya ce, "Haka ne. Shi ya sa nake tura ki wurin likita."

Kullum muka haɗu a matakala sai ya ce, "An je?" Don ya ƙyale ni na je. Hawan jinin ido ne, ya fara cin na hagu. Likita ta ce da na ƙara jinkiri da labarin ya bambanta. Har yau ina ɗiga magani, kuma ina gani.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar Juma'ar ce, a bakin get. Yana sauri, ya riƙe ledar takalmin makaranta da ya saya wa 'yarsa. Ya ce, "Wani afdet ya fito, kar ki danna. Ki bari sai na zo Litinin." Na ce Allah ya kai mu. Ya ce amin, ya tsallaka titi.

Yau Litinin.

Ya bar mata da yara uku, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba. Za a yi jana'iza a Masaka bayan azahar.

Ya Allah ka jiƙan Shamsu, ka yalwata masa kabarinsa, ka karɓi shahadarsa. Ka tsaya wa marayunsa. Waɗanda suka yi masa wannan, ka san su, mun bar su da kai.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kar ka wuce. Ka tsaya ka yi masa addu'a da sunansa.