Bidiyon Minti Ɗaya da Aka Haɗa Mini a Ruwais

Akwai abin da ya faru da ni a Jidda wanda har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba. Zan faɗe shi daki-daki yadda ya faru, don ni ba na son labari a hargitse.

A lokacin ina aikin kula da sito a wani kamfanin kayan gini. Muna da ƙungiyar zumunci ta Hausawa, wadda ta haɗa mu 'yan kwantiragi da 'yan'uwanmu haifaffun ƙasar. Aikinta suna, biki, duba mara lafiya da jana'iza. Ni ne sakatare, saboda an san ni da tsari. Da zaɓen shugaba ya zo, mutum biyu suka fito. Ɗaya wani Alhaji ne, injiniya. Ɗayan kuma wani dattijo ne mazaunin unguwar Nuzla, wanda kakansa ya zo hajji a ƙafa ya zauna, kowa Baba yake ce masa. Ni na bi bayan Alhaji. Kuskurena na farko ke nan, domin sakatare bai kamata ya ɗauki ɓangare ba.

Wata Juma'a bayan an ci abincin rana, Alhaji ya tara mu a shagon wani mai ɗaukar bidiyon biki a unguwar Ruwais. Haifaffen Jidda ne, zai yi shekara arba'in, mara yawan magana. Alhaji ya ɗauke shi ya yi masa aikin talla. Aka kunna mana wani fim na Amurka, mai hoton yana karanta rubutun Larabcin da ke ƙasa yana mayar mana da shi Hausa.

Labarin wani mutum ne da sana'arsa gyara 'yan siyasa don talabijin. Shi ke gaya musu rigar da za su sa, inda za su tsaya, da lokacin da za su yi murmushi. Ba ya tambayar ɗan takara abin da yake nufi da jama'a, kuma ba ya tambayar ko wane ne ke tsaye a bayansa a ɓoye. In ya ga dama, ya yanko abokin hamayya a hoto ya mai da shi abin ƙyama. Na fito da littafina na rubuta: na ɗaya, gyara naka, na biyu, nemo aibin ɗayan, na uku, saki ana gobe zaɓe, yadda ba zai samu damar kare kansa ba.

Da aka kira la'asar Alhaji ya ce a kashe. "Ya isa haka. Mun ga yadda ake yi."

"Alhaji, lissa, bai ƙare ba, saura rabi," in ji mai hoto.

"Rabin da muke bukata mun gani."

Na ɗaya bai yi wuya ba. Na biyu ni na ɗaukar wa kaina. Na san Baba yana zuwa kasuwar Bab Makka duk Asabar da safe, don haka na je na tsaya bayan wani shagon atamfa da wayata. Tsofaffin mata suka riƙa zuwa suna miƙa masa iƙamarsu, wato katin zama, yana zubawa a leda yana turawa aljihu. Na ɗauka duka. Kuma wallahi na san gaskiyar abin: matan ba su iya karatu ba, shi ke kai musu takardun wurin mai bin sawun takarda a sabunta, shekara da shekaru, saboda Allah. Amma wanda bai sani ba, dillalin takardu zai gani. A ƙasar nan kuwa, irin wannan bidiyo in ya fita daga guruf ɗin ƙungiyarmu na waya ya kai inda bai kamata ba, ba zaɓe kawai mutum zai rasa ba. Ana iya fitar da shi daga ƙasar. Baba kuma bai taɓa taka Najeriya ba. Na san wannan ma, na dai ƙi tsayawa in yi tunaninsa.

Muka kai wa mai hoto. Ya kalla har ƙarshe, ya ce, "Tayyib. Ku dawo Alhamis."

Ranar Alhamis da hantsi muka koma, ni da Alhaji. Ya ba mu shayi, ya juyo da allon kwamfuta. Ga Baba nan, an cire launi, an rage saurin hoton, an sa wani sauti mai tayar da hankali. Alhaji ya buga cinya. "Kai! Wannan ai ya fi na Bature!"

"Akwai na biyu," in ji mai hoto.

Ya danna. Sai na ga kaina. Taron rajistar masu zaɓe ne da muka yi makon da ya wuce, wanda shi ya ɗauka mana. Ga ni zaune ina karɓar iƙamar mutane ina dubawa. Ga hannuna yana tura wasu cikin jaka, don in je in yi kwafinsu. Ga ni na waiwaya hagu da dama, alhali biro nake nema. Sautin nan dai ya sa. Minti ɗaya ne cif. Na rantse, da a ce ban san kaina ba, da ni zan fara cewa a kama wannan mutumin. Abin da ya fara zuwa raina shi ne kafilina, wato ubangidan da zamana a ƙasar ke hannunsa, sai 'ya'yana uku da ke makaranta a gida.

"Ya Sakatare," ya ce a hankali, "wanne zan fara turawa? Kai ne mai son tsari."

Alhaji ya miƙe. "Wasa kake da mu? Ni na ɗauke ka aiki!"

"Sahih, kai ka ɗauke ni. Tallarka na yi, ga ta nan, ta yi kyau. Amma wannan, la, ba zan yi ba. Mutumin nan shi ya wanke gawar mahaifina." Ya juyo gare ni. "Ban ƙara komai a naka ba, ya akhi. Ban ƙara komai a nasa ba. Cirewa kawai na yi."

A gabanmu ya goge duka biyun, ya ce, "Halas, shi ke nan." Alhaji ya fita a fusace, yana cewa bikin 'yarsa da ya yi niyyar ba shi, wani zai ba. Mai hoto kuwa kofuna ya shiga tattarawa.

Ni na ci gaba da zama. Asalin bidiyon yana cikin wayata, ya kuma san da haka. Masu haɗa hoto sun yi yawa a Jidda, da na so da yammar nan wani zai yi mana. Bai roƙe ni ba, bai yi mini wa'azi ba, bai ma kalli wayar ba. Na daɗe ina jujjuya ta a hannuna. Sannan na buɗe, na goge, na shiga inda goge-goge ke taruwa na sake gogewa. Sai a lokacin ya ɗago. "Ƙarin shayi?" Na ce a zuba.

An yi zaɓe, Alhaji ya ci da ƙyar. Ni na ajiye sakatarci bayan wata ɗaya, domin na ga ban cancanta ba. Baba ya zo ya yi wa Alhaji murna, ya kuma riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, Allah ya saka maka, ka yi aiki tsakani da Allah." Har ya rasu bai san abin da na ɗauka ba, kuma a Jidda aka binne shi, ƙasar da iyayensa suke kwance.

Na zauna da masu ilimi da yawa, amma ban ga wanda ya san ƙarfin sana'arsa ya kuma riƙe ta da tsoron Allah kamar wannan mai hoto ba. Abin da na koya a wurinsa shi ne, ana iya yi wa mutum ƙazafi ba tare da an faɗi ƙarya ko ɗaya ba. Tun daga ranar, duk bidiyon da aka turo mini a kan wani, ba na tura shi gaba sai na tambayi abu biyu: me aka cire, kuma wa zai kwana a ciki in ya yaɗu.