Maɓallin da Ba A Gani

Yayata tela ce. Tun ina 'yar makaranta take zaune bayan keken ɗinki a wani ɗan shago mai taga ɗaya, almakashi rataye a wuyanta, amma ban taɓa ganin ta yanke zare da shi ba. Da haƙori take yankewa. Ta sunkuya, ƙat, ta tofar, ta ci gaba.

Haƙoran nan kuwa su ne ciwon ranta. Na gaba sun hau juna, fiƙa ɗaya ta leƙo waje, shi ya sa in dariya ta kama ta sai ta kai hannu baki. Rufe-Baki muke ce mata a gida, ta yi fushi har ta gaji. Sai da furfura ta fara fito mata sannan ta je wajen likitan haƙori, ta ce a gyara, amma da girmanta ba za a cika mata baki da ƙarfe masu kawo ɗinki su riƙa kallonta ba. Ya manna mata a haƙoran 'yan maɓallai na tangaran, kalar haƙori sak, da siririyar waya da ta ratsa su. Ya ce tangaran ba ya lanƙwasawa, tsagewa yake yi, don haka ban da cizon abu mai tauri, ban da yanke zare. Ta ce to. Duk wanda ya san Yaya ya san irin wannan to ɗin.

A shagonta nake barin 'yata in zan tafi aiki. Mitsitsi muke ce mata. Lokacin ta fara rarrafe, kuma komai ta tsinta sai baki.

Ran nan da hantsi Yaya ta kira ni. "Ki zo yanzu," ta ce, muryarta kamar ba tata ba. Ko jakata ban ɗauka ba.

Na tarar da ita a durƙushe tana laluben ƙasa da tafin hannu. Fararen rigunan makaranta take ɗinkawa, shagon duk fararen ƙyallaye ne. Wai ta ciji zaren roba mai kauri, ta ji ƙas, ta duba madubi ta ga rabin maɓalli ɗaya babu. Tana juyowa ta ga Mitsitsi a gindin keke tana motsa baki, sai yarinyar ta yi tari.

Na sa yatsa a bakin yarinyar, zare kawai na ciro. Muka kakkaɓe ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, muka ɗaga tabarma, muka kife kwandon shara. Ina za ka ga ɗan farin abu da bai kai ƙwayar shinkafa ba a cikin fari? An yi shi ne don kada a gan shi.

"Yaya, almakashin nan ado ne?" na daka mata tsawa. Leɓenta da jini, na ɗauka cizonsa take yi.

A asibiti likitan yara ta saurari ƙirjin Mitsitsi, ta ce numfashinta lafiya tukuna, amma irin wannan abin ba lalle ya fito a hoto ba. In ciki ya tafi da sauƙi, in kuwa hanyar iska ya bi, sai an leƙa da na'ura. Na ƙanƙame 'yata, duk numfashin da ta ja sai na ji kamar da ƙara. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba. Likitar ta ce mu hau sama wajen likitan haƙorin, ya duba bakin Yaya ya faɗi girman abin da ya ɓalle da kaifinsa.

Yaya ta kwanta a kujerarsa. Ya haska fitila, ya ce ta buɗe sosai, ya ja kuncinta gefe. Sai ya ɗauki hantsaki.

"Baiwar Allah, ba ki jin zafi a nan?"

Ta girgiza kai.

Ya ciro shi daga can ƙarshen dasashinta, inda ya nutse a nama, ya ajiye a kan faranti. Ya gwada da ragowar, suka haɗu cif. Tun hantsi yake yankan ta, ita ba ta ma sani ba. Na zauna a ƙasa da Mitsitsi a cinya ina kuka ina dariya.

Likita ya ce yana da wani irinsa, yanzu zai manna mata sabo.

"A'a, likita," in ji Yaya, auduga a bakinta. "Cire su duka. Sa min na ƙarfen."

"Ke da kika ce ba kya son a gani?"

"Wanda in ya faɗi zan gan shi nake so."

Yau in ka shiga shagon, daga bakin ƙofa za ka hango bakinta yana ƙyalli. In ta yi dariya ba ta kai hannu. Hannun yana kan almakashi.