Yadda Na Sa Baba Makanike Ya Daina Yarda Da Hannunsa

A lokacin da abin nan ya faru ni ƙaramin ma'aikaci ne a wani ofishin gwamnati a nan garin Lafiya, shekarata talatin da ɗaya, ina zaune a Bukan Sidi tare da mahaifiyata. Aikin namu irin wanda za ka sa hannu da safe ka yi ta kallon fanka har azahar ne. Ba na shaye-shaye, ba na yawon banza, a unguwa ana ce mini ɗan Alhaji mai hankali, ni ma kuma na yarda da hakan. Abin da na mallaka mai daraja shi ne tsohuwar motar da mahaifina ya rasu ya bari. Edita, ba zan kama sunan kowa ba a wasiƙar nan, har nawa. Na rubuto ne don na gaji da riƙe abin ni kaɗai.

Tun motar nan tana hannun mahaifina mutum ɗaya ne ke taɓa ta, wani dattijon makanike da kowa ke kira Baba. Mutumin ƙasar Binuwai ne, Kirista, ya zo Lafiya tun yana saurayi, garejinsa kuma a gindin wata bishiyar mangwaro yake. Hausarsa ta kasuwa ce, mota ma "shi" yake ce mata, amma in ya kara kunne a injin sai ya faɗa maka ciwon kafin ya ɗauki sifana. Yana da ƙa'idoji biyu da duk mai zuwa wajensa ya sani. In ya yi maka aiki ya lalace kafin wata ya zagayo, zai sake shi ba tare da karɓar kuɗin hannu ba, domin a cewarsa aikinsa ba ya dawowa, in ya dawo to shi ne ya yi kuskure. Ta biyu kuwa, ba ya taɓa motar 'yan wasan mota. Yakan ce shi ba ya ɗinke rigar da mai ita zai yaga da gangan.

Wani abokin aikina ne ya fara kai ni filin wasan motar, ranar wata Lahadi da la'asar. A kan hanyar Adogi akwai wani fage da masu aikin titi suka kwashe jar ƙasa suka bar shi a shimfiɗe. Nan samari ke jera tsofaffin tayoyi su fitar da hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe. Mota ɗaya ke shiga a lokaci guda, wani ya riƙe waya yana duba lokaci, in ka bugi taya a ƙara maka sakan biyu. Ba kofi, ba kyauta, sai ihu da tafi. Kowa yana kwance lambar motarsa kafin ya shiga don kada labari ya kai gida. Na ce zan gwada sau ɗaya kawai. Kai, wannan sau ɗaya! Da na ja birkin hannu a kwanar ƙarshe, motar ta juya, na ji mutane suna ihu saboda ni, sai na ji kamar shekara goma nake barci sai yanzu na farka. Daga ranar ba Lahadin da ta wuce ni.

A mako na uku kuloci ya ƙone. Aka ɗaura mini igiya aka jawo ni gari ana ta yi mini tsiya. A nan na yi dabarar da ta zame mini masifa. Na san in Baba ya gane zai kore ni, kuma kafin magariba mahaifiyata ta ji, don yana girmama ta kamar yayarsa. Sai na sa aka wanke motar har ƙarƙashinta, mai faci ya cire tayoyin da suka cinye a gefe ya mayar da na yau da kullum, Litinin da safe aka kai ta gareji na ce a hanyar gonarmu ta Arikya abin ya same ni. Baba ya sa sabon kuloci, na biya, na tafi. Bayan mako biyu shi ma ya ƙone. Na sake wanki, na sake canjin taya, na sake ƙaryar Arikya. Ya daɗe yana jujjuya ƙonannen faifan a hannunsa, sannan ya ce watakila shi ne bai saita shi daidai ba. Ya sake aikin bai karɓi komai ba, har ya ba ni haƙuri. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, a raina cewa na yi na tsinci dami a kala.

Haka muka yi wata da watanni. Yau shokozoba ta fashe, gobe lagireto ya tafasa gaskit ya ƙone, jibi ƙafar gaba tana ƙara. Wasan da na shiga don jin daɗi ya koma mini wahala zalla. Minti ɗaya da 'yan kai nake yi a cikin fage, sauran makon kuwa ina kan acaba ina yawon neman kayan gyara, ko ina zaune a bencin gareji ƙuda na bina. Na rame, na gaji, amma Lahadi na yi sai ka gan ni a layi.

Wannan duka da sauƙi a kan abin da bakina ya yi. A filin nan duk wanda motarsa ta mutu a tsakiya, tambayar farko da ake jefa masa ita ce wane ne makanikenka. Girman kai bai bar ni na ce motar tsohuwa ce kuma ban iya sauya giya a kwana ba. Sai na ce ai tsohon nan ne na gindin mangwaro, ido ya tafi, hannu ya fara rawa, kunya ce kawai ta hana ni barinsa. Aka yi dariya, dariyar ta yi mini daɗi, na ci gaba har ina kwaikwayon Hausarsa. Na manta cewa cikin 'yan kallo akwai direbobin tasha, akwai 'ya'yan mutanen da ke kai masa motoci. Ba wanda ya je ya tambaye shi. Kawai dai motoci suka fara raguwa a gindin mangwaro, kuma duk mai wucewa yana ganin tawa a can kusan kowace Litinin, murfin injin a buɗe, kamar shaida.

Da idona na ga yadda mutumin nan ya sauya. Ya sayi tabarau a kasuwa. Zai ɗaure noti ya tafi, ya dawo ya sake gwada shi, ya sake dawowa. Mutumin da ke jin ciwon injin da kunne ya koma yana kirana in zo in saurara in gaya masa ko ni ma na ji abin da ya ji. Wata rana da kansa ya je ya sayo famfon ruwan injin ya ƙi in mayar masa da kuɗinsa, ya ce na farkon shi ya zaɓa kuma da alama jabu aka ba shi bai gane ba.

Sau ɗaya ya tambaye ni. Ya goge hannunsa da tsumma, ya zaunar da ni kusa da shi, ya ce: "Yarona, wani ya ce ya ga mota kamar naka a filin wasa. Faɗa mini gaskiya, ba zan yi fushi ba." Na dube shi ido cikin ido na ce wallahi tallahi ko hanyar wurin ban sani ba, irin motar nan ai ba ni kaɗai ke da ita a gari ba. Ya sauke ajiyar zuciya ya ce shi ke nan, ɗan Alhaji ba zai kama sunan Allah a kan ƙarya ba, in yafe masa zargin da ya yi. Kirista ne ya riƙe rantsuwata da daraja fiye da yadda ni mai sallah na riƙe ta.

Bayan nan ya ce zai sauke injin gaba ɗaya ya kawo ƙarshen abin kunyar nan. Kwana tara ya yi a kansa, ya mayar wa masu shi ɗan aikin da ya rage masa. Da ya gama, injin na tashi ko ƙara ba ka ji. Ya ja mini kunne in bi shi a hankali har wata guda kafin injin ya zauna. Na ce to. Ranar Lahadi ina filin. A zagayen farko na yi lokacin da ban taɓa yi ba, aka ɗaga ni sama. A zagaye na biyu, kafin in kai tsakiya, na ji ƙwas-ƙwas daga ƙasa, hayaƙi ya turnuƙe, injin ya buga.

Litinin Baba ya buɗe murfin ya daɗe yana kallo, bai taɓa komai ba. Ya rufe a hankali ya koma benci ya cire tabaran. Ya ce ya riga ya yi wa kansa alkawari in injin nan ya dawo to ya ajiye sifana, gara ya tafi da ƙafarsa kafin wata rana ya ɗaura wa wani birki ya kashe mutane. Ina tsaye, gaskiya tana bakina, abin da za ta ci ni kawai kunyar yini ɗaya ce. Na haɗiye ta. Abin da na ce masa shi ne Allah ya sa haka ne mafi alheri. Kafin damina ta faɗi ya raba kayan aikinsa ya koma ƙauyensu noman doya. Mahaifiyata ta yi masa girkin sallama tana hawaye, ni na kai masa.

Kada mai karatu ya zaci tuba ce ta raba ni da wasan. Mota ce ta ƙare. Makaniken da na kai wa daga baya ko minti biyar bai yi ba ya ɗago yana dariya ya tambaye ni a wane fili nake wasa. Ya ce wanda ya haɗa injin nan gwani ne na gaske, amma ba injin da zai jure abin da aka yi masa. Ƙarshe masu sayen tsohon ƙarfe na sayar wa. Fiye da shekara na yi ina zagaye hanyar garejin don kada in ga wurin. Ranar da na kasa jurewa, na faɗa wa mahaifiyata komai. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Cewa kawai ta yi ba ita ce zan gaya wa ba.

Na hau motar haya na je ƙauyen su Baba. Matarsa ce ta tarbe ni, kafin ya dawo daga gona ta ba ni labari cewa in injin niƙan ƙauyen ya lalace ana zuwa roƙonsa yana ƙi, ko babur ɗinsa ba ya kwancewa, wai hannunsa yana yaudararsa. Da ya iso ya rungume ni yana tambayar mahaifiyata. Na durƙusa na faɗa masa duka, filin da wankin motar da canjin tayar da rantsuwar da abin da na riƙa faɗa a kansa. Na zaci zai tashi ya bar ni, ko ya tsine mini.

Sai ya ce: "To injin nan, na ɗaura shi daidai ke nan?"

Na ce daidai, Baba.

"Da kuloci?"

Na ce duka, ba inda ka yi kuskure ko sau ɗaya.

Ya ɗaga hannayensa yana juya su, yana kallonsu kamar na baƙo. Ya ce: "Shekara biyu ina fushi da hannun nan, ashe ba shi da laifi." Sannan ya ce ya yafe mini albarkacin Alhaji. Na roƙe shi ya dawo, na ce ni zan bi mutane ɗaya bayan ɗaya in wanke shi. Ya girgiza kai ya ce yanzu kam idon ya tafi da gaske, kuma ko ya riƙe sifana tsoron ba zai sake shi ba. Ya sa aka ɗaura mini doya, ya raka ni bakin hanya. Na yi kuka a motar har mutane suna tambayata ko rasuwa aka yi mini.

Ban ce wasan mota haramun ba ne. Wanda ke da hali da motar da ya ware don haka, ya gaya wa makanikensa gaskiya, ruwansa. Abin da na koya shi ne ƙaryar da kake gani ƙarama ce, ta kare kanka kawai, ba ta tsayawa a kanka. In ka yi wa mai gaskiya ƙarya kuma ya yarda da kai, dole ya nemi laifin a wani wuri, kuma a jikinsa zai fara nema. Ina roƙon 'yan'uwa, musamman matasa, duk mai sana'ar da ka miƙa wa kayanka, makanike ne ko tela ko mai magani, ka faɗa masa abin da ka yi da gaske ko da zai kore ka. Kuma kada ka rufe kunyarka da sunan wani, don magana zarar bunu ce.

Har yau in na samu hali nakan shiga tasha in zauna da direbobi in ba su labarin nan da bakina, in ce Baba bai taɓa ɓata aiki ba, ni ne maƙaryaci. Sukan saurara su ce Allah sarki. Sai kuma wani daga gefe ya ce ai dama tsohon ya riga ya tsufa, kowa ya san hannunsa na rawa.