Rigar da Na Saya wa Inna

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga ka, akwai ranar da ba za ta fita ba. Ita ce ranar da na yi wasan nutsewa a ruwa, ɗaruruwan baƙi suna tafa mini, alhali a ranar ce masunta suka shiga tafki a gida neman mahaifiyata.

Ni ɗan bakin ruwa ne, a wani ƙauye kusa da Wara aka haife ni. Mahaifina masunci ne, don haka na iya iyo tun ban iya ɗaure wando ba. Inna kuwa 'yar tudu ce, daga gidan manoma can wajen Ngaski aka auro ta, kuma har ta tsufa ruwa bai taɓa wuce mata gwiwa da son ranta ba. Bayan rasuwar Baba, da bandar kifi ta riƙe ni da yayata. Duk ranar kasuwar ƙetare sai ta shiga jirgin inji da kwandunanta, ta nemi tsakiya ta zauna, ta runtse ido tana salati har a kai gaɓa. Mu kuwa dariya muke yi mata, wai matar masunci tana tsoron ruwa.

Da kuɗin kifin nan na yi karatun aikin otal. Na yi 'yan shekaru a Legas, daga nan Allah ya sa aka ɗauke ni wanki da guga a wani jirgin ruwa na yawon shaƙatawa a ƙasar waje. Ranar da na fara ganinsa tsayawa na yi baki buɗe kamar baƙauyen da nake. Gari ne guda aka ɗora a kan ruwa, bene a kan bene, in ka sa kasuwar Yauri a cikinsa sai ta bar fili. An ƙawata shi ne da labarin 'yan fashin teku irin na tatsuniyoyin Turawa. Masu kai abinci suna ɗaure da jan ƙyalle a ka, ido ɗaya a rufe, ga takobin roba a ƙugu. Ɗakunan cin abinci ba a rufe su, kuma abin da ake zubarwa a yini ɗaya zai ciyar da ƙauyenmu har a gaji. Akwai silima, akwai asibiti, akwai ɗakin da mutane ke gudu a kan inji ba sa zuwa ko'ina. A saman bene kuma tafkunan wanka ne, da wata doguwar hanyar sulɓi da manya masu furfura ke gangarowa suna ihu kamar yara. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne mutum ya biya kuɗi ya zo tsakiyar teku, sannan a ɗebo masa ruwa a kwano ya yi wanka.

A babban tafkin wankan ake yin wasa kullum da la'asar. 'Yan fashi su kai wa wani ɗan ƙaramin kwalekwale hari, a harba igwar ƙarya, kwalekwalen ya kife, mai tuƙin ya yi ta fafutuka har ya nutse. Sai jarumin wasan ya faɗa ya ciro shi, a sa masa rigar ceto mai ruwan lemo, irin wadda ke hana mutum nutsewa, ya yi ta yawo a kan ruwa yana ɗaga hannu ana kiɗa. Wata rana mai yin nutsewar ya gurɗe, aka nemi wanda ya iya ruwa, na ce ga ni. Abin nema ya samu. Na bar zafin ɗakin guga, albashi ya ƙaru, yara suna tare ni a ɗauke mu hoto. Ba zan ɓoye ba, kaina ya kumbura.

Har na sa aka ɗauki wasan a waya na tura wa yayata ta nuna wa Inna. Ina jiran yabo, sai ga kiranta.

"Wanga aiki na kaka yi can?" in ji ta. "Ɗan masunci, ka rasa abin kwaikwayo sai wanda ruwa yac ci? Ba a yi ma ruwa ba'a."

Na yi dariya na ce, "Inna, ruwan ga bai kai rijiyar gidanmu zurhi ba. Kuma ba ki ga rigar da anka sa min ba? Ko buhun gero anka ɗaura ma ita, ba ya nutsewa."

Sai ta ce, "Har wanda bai iya ruwa ba?"

"Har shi, Inna."

"To in za ka taho ka riƙo min guda. In ruwa ya cika, zuciyata ba ta kwanciya cikin jirgin ga."

A iya sanina, wannan ne abu na farko da Inna ta taɓa buɗe baki ta roƙe ni. Tashar farko da muka tsaya na fita na sayo mata mai kyau, mai igiya uku da usur a wuya. Na sa ta a akwatina a ƙarƙashin gado, da ledarta.

Bayan mako biyu wani abokin aikina mai dafa abinci, ɗan ƙasarmu, ya gama wa'adinsa zai koma gida. Ya ce in ba shi rigar, in ya sauka Legas ya ba direban motar Yauri, kwana uku ta isa. Na ce a'a. Ban ƙi don tsoron ta ɓace ba, wannan ƙarya ce na yi wa kaina daga baya. So nake in kai mata da hannuna, in sa mata a tsakar gida, mata su taru suna guɗa, a ce ɗanta na jirgin Turawa ne ya kawo. Ai saura wata biyu in koma, me za a yi a wata biyu? Da wata biyun suka cika, aka ce baƙi na son wasana, in ƙara uku. Na ƙara. Inna ba ta sake tada maganar rigar ba, ni ma ban tada ba, sai dai in na jawo akwatin in gan ta in ce da sannu. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani, na san karin maganar tun ina yaro.

Ranar da abin ya faru muna tsakiyar teku, kwana uku tsakaninmu da tasha. Na fito hutun rana na duba waya, sai na ga saƙon murya daga yayata. Ban taɓa jin muryarta haka ba, ba kuka take yi ba, kamar karatu take yi. "Jirgin da Inna tash shiga ya daki kututture ya kihe. An hidda wasu da rai, an hidda wasu babu. Ita ba a gan ta ba tukuna. Su Kawu na cikin ruwa. Ka yi addu'a."

Na kira, na sake kira, ba ta shiga. Na zauna a bakin gado, dugadugaina suna taɓa akwatin.

Mutane sun sha tambayata me ya sa ban gaya wa shugabar masu wasan ba. Mace ce mai kirki, na san da ta ce in je in kwanta. Gaskiyar ita ce na ji in na furta da bakina, abin ya tabbata ke nan. Ba a gan ta ba, ai ba a ce ta rasu ba. Wataƙila wani kwalekwale ya tsince ta ya kai ta wani ƙauyen. Da wannan na riƙe kaina, na ɗaura jan ƙyallena, na hau sama.

Benen ya cika maƙil. Rana tana haskawa, ana raba ƙanƙara mai zaƙi daga wani akwati da aka yi kamar na dukiyar 'yan fashi, makaɗa suna ta yi. Na shiga kwalekwalena na kama tuƙi. Igwa ta tashi, ya kife, na yi fafutukar da na saba, aka yi dariyar da aka saba. Ka'ida ita ce in nutse in ƙirga ashirin, sannan jarumin ya sauko.

Da na kai ƙasa na buɗe ido. Ruwa garau, ƙasan shuɗi, har ƙafafun mutane nake hangowa a gefe. Sai ruwanmu na gida ya faɗo mini a rai, yadda yake ja in ya cika, ba ka ganin tafin hannunka. Na tuna Inna ido take runtsewa ko tana cikin jirgi. Na tambayi kaina ko ta buɗe shi a lokacin, ko ta kira sunan wani, ko nawa ne. Ƙirgar ta ɓace mini. Jarumin ya sauko ya kama hannuna, na fizge. Ban yi niyyar komai ba, Allah ya sani, kawai ban ga da wace fuska zan fito ba. Sai da ya shaƙo ni ta baya ya ja ni sama da ƙarfi.

Aka sa mini rigar, aka ɗaure igiyoyin, na taso a kan ruwa kamar gora ba tare da na motsa ko yatsa ba. A nan kuka ya ƙwace mini, irin na mai ƙarfi, da sheshsheƙa. Su kuwa suka miƙe tsaye suna tafi. Ba a taɓa yi mini tafi irin na ranar ba. Shugabar ta tare ni a bakin tsani tana murna, ta ce kullum in riƙa yin haka.

Da na sauka ɗaki saƙo na biyu yana jirana. An same ta, da zanenta aka fara gane ta. An yi mata sutura a bakin gaɓa tare da sauran, tun kafin rana ta faɗi a can. A lissafina, lokacin da ake tafa mini an riga an mayar da ƙasa.

Sai bayan kwana tara na isa gida. Kawu, ƙanin Baba, ya zaunar da ni ya ce, "Ajali na, ɗana. In kwana ya ƙare, ko riga goma anka sa ma mutum sai ya tahi." Na yarda da wannan, Musulmi ne ni. Amma a zaman makokin wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta zo gaisuwa, ita ma tana cikin jirgin, ita ma ba ta iya ruwa ba. Ta ce jarkar manja ce babu komai a ciki ta taso kusa da ita, ta rungume har masunta suka iso. "Ina kusa da innarka," in ji ta. "Jarkar guda ɗai ta."

Daga ranar ban sake barci mai daɗi ba na tsawon lokaci, kuma ban koma aiki a jirgin Turawan ba. Rigar na ba yayata, don ita ta gaji kwandunan kifin da kujerar tsakiyar jirgin kasuwa. Ta karɓa, ta juya ta, ta ga ko ledar ba a cire ba. Ta ce, "Yaushe kas saye ta?" Na gaya mata gaskiya, wata biyar. Ba ta zage ni ba, da ma ta zaga. Tana sa ta duk ranar kasuwa, amma har yau ba ta taɓa ce mini ta gode ba, ni ma ban ga dalilin da za ta ce ba.

Abin da na koya ba shi da yawa, kuma ya zo mini a makare. In wani ya roƙe ka abin da yake tsoro a kansa, ka aika masa ranar da ka samu, ta hannun kowa, ko da ba za a san kai ne ka aiko ba. Ni na riƙe nawa ne don a yi mini guɗa a tsakar gida. Matan kuwa sun taru a tsakar gidan, na same su a zaune, zaman makoki.