Ɗigo Uku a Idon Kawu Iro

Duk wanda ya san Kawu Iro na Kwarbai ya san ba ya amsa tambayar da bai ga dalilinta ba. Ka ce, "Kawu, ina zuwa?" sai ya ce, "Na ce ka raka ni?" Shekara arba'in yana ɗinkin babbar riga a zaure, allura a hannu, baki a rufe. Wani Alhaji ya taɓa matsa masa da yaushe za a gama aikinsa. Kawu ya naɗe rigar ya miƙa masa. "Ga ta nan, Alhaji, tambaye ta."

Da idonsa ya fara dishi-dishi, ni 'yar ƙanwarsa na ja shi asibiti da ƙyar. Aka ce hawan jinin ido ne, in ba a tare shi ba zai makance. Likita ya ce, "Malam, kana da asma ko ciwon zuciya?"

"Ɗana, ido na kawo maka. Ƙirji na baro shi gida."

Likita ya sake tambaya, Kawu ya ce lafiyarsa lau. Na san da asmarsa tun ina yarinya, amma wa ya isa ya ƙaryata Kawu a gaban baƙo? Dariya kawai na yi.

Aka ba shi maganin ɗigawa, ɗigo ɗaya safe da yamma. Kawu ya ce uku. "Ɗigo ɗaya ko ƙuda ba zai jiƙa ba. Ƙara, Hajara." Ni kuwa in ƙara.

Sai ya fara haki daga zaure zuwa masallaci. Sau biyu yana yanke jiki ya faɗi. Na ce ko maganin ne, ya harare ni. "Na ido ne. Me ya kai shi ƙirji? Bar ni in ga zare."

Wata Juma'a da safe na ɗiga masa, ban gama wanke-wanke ba numfashinsa ya sarƙe. A asibiti wata likita ta tambayi maganin da yake sha, na ce babu, sai na ido. Na miƙa mata kwalbar maganin ta duba. Ta ce irin wannan yana gangarawa ta hanci ya shiga jini, ya rage bugun zuciya, ya shaƙe mai asma. Kafin azahar Kawu ya cika.

Har yau in mutane na ba da labarinsa suna dariya, ni hannuna nake kallo. Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu. Ni kuma Ya yafe mini shirun da na yi a gaban likita.