Ramin da Tsoho Ya Hana a Haƙa

Jiya duba-gari ya zo gidanmu daga Kurfi, ya shinshina ruwan rijiyarmu, ya ce a rufe ta. Ina goye da 'yata, kwana shida tana gudawa, sai Tsoho, kakan maigidana, ya faɗo mini a rai.

Shi ba ya yarda a haƙa masai sai ya gwada ƙasa. Yakan tona rami kamu ɗaya, ya cika shi da ruwa, ya tsuguna yana kallo. Shekarar da aka kawo ni Wurma ya yi haka kusa da rijiya. Kafin in ɗauraye kwano ruwan ya ɓace, sai ƙamshin jiƙaƙƙen yashi. Ya murza ƙasar a yatsunsa ya ce, "Amaryata, kin ga kwaɗayinta? Abin da ta sha a nan, shi za ki jawo a guga."

Na ce, "Tsoho, ƙasa ma har da kwaɗayi?"

Ya ce, "Ta ma fi mijinki."

Bayan rasuwarsa tsohon masai ya cika. Maigida ya haƙa sabo a daidai wurin nan, wai ya fi taushi. Ina tsaye ina kallo, ban ce komai ba.

Yanzu famfon unguwa ya mutu, ba mu da wani ruwan, yarinya ko kuka ta daina.

Allah Ya sanyaya makwancinka, Tsoho. Ni kuma Ya yafe mini shiruna, Ya bar mini 'yar nan.